Yadda Za Ka Zagaya Birnin Cape Town: Dutse, Teku da Tarihi

A Cape Town iska ce mai gari. Kana iya yankar tikitin hawa dutse tun daga Kano, ka biya kuɗin jirgin zuwa tsibirin Robben, ka tsara kowace rana da abin da za ka gani, amma in iskar kudu maso gabas ta taso da safe, motar igiya, wato akwatin da ke rataye a igiyar ƙarfe yana kai mutane saman dutsen, ba ta motsi, jirgin ruwa kuma yana ɗaure a tasha. Saboda haka kada ka ɗaura wa kowace rana wuri tun kana gida. Ka rubuta wuraren da kake son gani, kowace safiya ka leƙa taga ka dubi kan dutsen, shi zai faɗa maka na yau.

Kafin ka bar gida

Ɗan Najeriya sai da biza yake shiga Afirka ta Kudu, kuma ana miƙa takardu ta ofishin VFS a Abuja ko Legas. Ka nema da wuri, kada ka jira tafiya ta matso. 'Yan'uwanmu na zangunan Kumasi da Accra sun huta da wannan, domin tun watan Nuwamba na 2023 mai fasfon Gana yana shiga ba biza in ziyara ce ta ɗan lokaci. Katin rigakafin shawara kuwa dole ne, ka ajiye shi tare da fasfo. Jirgin Ethiopian yana kai mutum Cape Town ta Addis Ababa, ko kuma ka sauka Johannesburg ka sake hawa na cikin gida, tafiyar awa 2. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, kuɗinsu rand ne, soket ɗinsu mai manyan ƙafafu uku ne zagayayyu, don haka ka sayi adafta tun a filin jirgi.

Lokutan shekara a can a juye suke. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi ne da rani, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8 na dare, amma lokacin ne iska ta fi ƙarfi, masauki ya fi tsada, layi ya fi tsawo, don mutanen ƙasar ma suna hutu. Yuni zuwa Agusta sanyi ne da ruwan sama. In da zaɓi, ni Maris ko Afrilu zan ce: iska ta lafa, zafi ya sauka, jama'a ta ragu. Ko yaushe ka je dai ka riƙe rigar sanyi mai tare iska. Kwana 5 ko 6 sun isa, muddin ka bar ɗaya fanko don rama abin da yanayi ya hana.

Masauki kuma ka kama shi a tsakiyar gari, ko Bo-Kaap, ko Green Point, ko Sea Point. Daga filin jirgi zuwa can kimanin kilomita 20 ne. Uber da Bolt suna aiki sosai, akwai motocin MyCiTi da ake biya da kati, akwai kuma jan bas mai hawa biyu na 'yan yawon buɗe ido da ke tsayawa a manyan wurare. In za ka ɗauki hayar mota, ka tuna hannun hagu suke bi.

Mataki na farko: dutsen, a safiyar farko da sama ta washe

Dutsen Tebur, wanda za ka ga an rubuta Table Mountain a taswira, tsayinsa mita 1,086 ne a ƙololuwarsa, samansa shimfiɗe kamar an daddatse shi da wuƙa, garin kuma yana kwance tsakaninsa da teku. In ka tashi ka ga kansa fes, babu gajimare, to da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ajiye duk wani shiri ka nufi titin Tafelberg, inda tashar ƙasa take. Kada ka ce sai gobe. Gajimaren nan da ke lulluɓe kansa yana iya sauka cikin ɗan lokaci, ya kuma yi kwanaki bai ɗaga ba.

Kafin ka fita, duba shafin kamfanin motar igiyar a intanet, suna sanar da ko a buɗe take da kuma tsawon layi. Ka sayi tikiti a can, ka isa kafin a buɗe. Tun 1929 ake hawa da ita, a 1997 aka kawo irin ta yanzu mai ɗaukar mutum 65. Tafiyar minti 5 ce. Ba sai ka yi kokawar neman bakin taga mai kyau ba, domin daɓen da kake tsaye a kai yana juyawa a hankali, sai ka ga gari da tashar jiragen ruwa, can kuma ka ga bangon dutse yana matsowa dab da fuskarka, sannan teku. Mai jiri ya tsaya tsakiya, wurin ba ya juyawa. Suna kuma rufewa na wasu makonni a tsakiyar shekara don gyara, ka bincika in lokacin sanyi za ka je.

A sama akwai hanyoyin ƙafa da aka shimfiɗa, da wurin cin abinci, da rema masu yawa suna shan hantsi a kan duwatsu, ba sa tsoron mutum, amma kada ka ba su abinci. Yawancin mutane hoto suke ɗauka a kusa da tasha su sauka. Kai ka ƙara gaba. Tafiyar kusan minti 45 za ta kai ka tulin duwatsun Maclear, wurin da ya fi ko'ina tsawo, daga nan kana hango ɗaya gefen, wato False Bay. Ka kula da lokacin motar ƙarshe, in kuma ka ji an busa jiniya, iska ce ta taso, ka koma tasha nan take.

Masu ƙarfin gwiwa suna hawa da ƙafa ta kwazazzabon Platteklip, awa 2 zuwa 3 na matakalar dutse ba sassauci. Wannan ba Dutsen Dala ba ne da za ka hau da silifa bayan la'asar. Ana ɓata a kansa, ana faɗuwa, ana kuma yi wa masu tafiya su kaɗai fashi a wasu hanyoyin. Ka tafi cikin ayari ko da ɗan jagora, da ruwa isasshe, da takalmi mai riƙe ƙasa. Haka ma Lion's Head, ƙaramin dutsen da ke gefe mai mita 669, wanda ake hawa don kallon fitowar rana ko faɗuwarta. Kusa da ƙarshensa akwai tsani da sarƙa da ake kamawa. Wanda ba ya son wahala ya hau mota zuwa Signal Hill da yamma, kallon bai rage komai ba.

Mataki na biyu: tsibirin Robben

Wannan shi ne kaɗai abin da sai ka yanki tikitinsa kwanaki kafin lokaci, musamman a Disamba da Janairu. Ka sa shi a farkon zamanka, ka zaɓi jirgin safe, domin teku ta fi kwanciya da safe, in kuma an soke kana da sauran kwanaki. Jirgin yana tashi daga ginin Nelson Mandela Gateway a Waterfront, unguwar kantuna da ke bakin tashar jiragen ruwa, tsallakawa rabin awa ne ko fiye, duka ziyarar kuma ta kai awa 4. Ka riƙe fasfo. Wanda teku ke sa wa amai ya sha magani tun kafin ya hau.

Da farko bas ne zai zagaya da ku. Za ku ga ɗan gidan da aka killace Robert Sobukwe, ɗaya daga cikin jagororin yaƙi da wariyar launin fata, shi kaɗai daga 1963 zuwa 1969, da ramin farar ƙasa inda fursunoni suka yi shekaru suna haƙa, hasken rana yana dukan farin dutse yana cin idanunsu. A bakin ramin akwai tulin duwatsu da tsofaffin fursunoni suka tara lokacin da suka koma a 1995. Sai kuma gidan yarin kansa, inda sau da yawa wanda zai zagaya da ku tsohon fursunan wurin ne. Ɗakin Mandela, wanda ya yi shekara 18 a cikinsa daga cikin 27 da ya yi a ɗaure, bai kai mita 3 ta kowane gefe ba: tabarma da bargo a ƙasa, ɗan tebur, kwano da kofi, da bokitin bahaya. Ana wucewa a layi, kowa ya leƙa ta ƙarafan ƙofa. Kada ka ɓata 'yan daƙiƙun naka wajen saita kyamara.

Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne tsibirin ya riga Mandela zama kurkuku da ɗaruruwan shekaru. Turawan Holan sun riƙa kawo sarakuna da malaman da suka bijire musu daga tsibiran Indonesiya. Akwai hubbaren ɗaya daga cikinsu kusa da gidan yarin, mai koren kubba. A nan ma aka tsare Tuwan Guru daga 1780, kuma labarinsa ne zai kai ka mataki na gaba.

Da kun dawo, kana Waterfront ke nan, sai ka ci abincin rana a can. Wurin kasuwa ne na zamani da kantuna da gidajen abinci, ba sai ka ware masa yini ba. In da yara, akwai gidan kifaye na Two Oceans. In kana son zane-zane, akwai Zeitz MOCAA da aka buɗe a 2017 cikin tsohon rumbun hatsin tashar jiragen ruwa, ginin kansa ya isa kallo.

Mataki na uku: Bo-Kaap da tsakiyar gari, ranar da iska ta hana komai

Ga ranar da dutse ya rufe fuska. Ka fara daga titin Wale ka hau gangaren Signal Hill. Gidajen Bo-Kaap masu launin kore, rawaya, ruwan hoda da shuɗi su ne kake gani a hotuna, amma unguwa ce ta mutane, galibi Musulmi, jikokin bayi da 'yan gudun hijirar dole da aka kawo daga Indonesiya, Indiya, Madagaska da gabashin Afirka. Ka yi sallama, za a amsa maka da fara'a, kada ka hau dandamalin gidan mutane don hoto ba tare da izini ba.

A titin Dorp za ka tarar da Masallacin Auwal, na farko a ƙasar, wanda aka kafa a 1794. Tuwan Guru, wato Imam Abdullahi ɗan Alƙali Abdussalam, mutumin tsibirin Tidore, shi ne limaminsa na farko. Yana tsare a Robben ya rubuta Alƙur'ani da ka, ba littafi a gabansa, kuma ɗaya daga cikin kwafin hannunsa yana ajiye a masallacin. Duk wanda ya san abin da ake nufi da a ce mutum ya zama alaramma, ya hardace kuma ya rubuta, zai tsaya a gaban wannan takarda ya daɗe. Bayan an sake shi ya buɗe makaranta yana koyar da bayi da 'yantattu, a zamanin da ba a yarda Musulmi su yi ibada a fili ba. Kabarinsa yana maƙabartar Tana Baru a saman unguwar. Ka daidaita zuwanka da lokacin azahar ko la'asar don ka samu masallacin a buɗe. Yawancinsu Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla a sallar da ake karatu a fili. Alƙibla kuma a nan ba gabas take ba, arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas, ka kiyaye wannan a ɗakin otal.

In kana unguwar da tsakar rana ka ji ƙarar igwa ta girgiza tagogi, kada ka ruga. Bindigar ƙarfe 12 ce da ake harbawa tun 1806, daga Signal Hill kuma tun 1902, kullum ban da Lahadi da ranakun hutu. Da can jiragen ruwa ke saita agogo da ita. Za ka gane baƙo daga ɗan gari a wannan lokacin: baƙo ya zabura, ɗan gari ya dubi agogonsa.

Abinci a nan ba ya ba Musulmi wahala. Gidajen abinci da yawa suna liƙa takardar shaidar halal, wadda ta fi shahara ita ce ta majalisar malamai ta MJC. Ka ɗanɗana bobotie, niƙaƙƙen nama da kayan ƙamshi da aka gasa da ƙwai a sama, da biryani, da samosa. Da safiyar Lahadi ana sayar da koesister, soyayyen ƙullin fulawa mai kirfa da citta da aka tsoma a ruwan sukari aka barbaɗa kwakwa. Akwai kuma gatsby, dogon burodi cike da soyayyen dankali da nama, wanda mutum ɗaya ba ya cinyewa. Uwargida kuma ta leƙa kantin kayan yaji na Atlas a titin Wale.

Daga nan ka gangaro da ƙafa. Lambun Kamfani shi ne asalin garin: a 1652 Jan van Riebeeck ya sauka don ya noma wa jiragen kamfanin Holan kayan lambu a hanyarsu ta zuwa gabas. A bakinsa akwai majalisar dokokin ƙasar, da cocin Saint George inda Desmond Tutu ya yi aiki, da Slave Lodge, gidan da kamfanin ya riƙa tsare bayinsa, yanzu gidan tarihi. Gaba kaɗan akwai ganuwar Castle mai kusurwa biyar da aka gina daga 1666 zuwa 1679, da zauren gari inda Mandela ya yi jawabi daga baranda ranar 11 ga Fabrairu 1990, ranar da aka sake shi. In lokacinka ya ƙure har sai ka zaɓi guda, ka zaɓi gidan tarihin District Six. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ce unguwar ta farar fata ce kaɗai, aka kwashe mutum fiye da 60,000 zuwa bayan gari, aka rushe gidajensu. A daɓen gidan tarihin akwai ƙatuwar taswirar unguwar, tsofaffin mazauna sun rubuta sunayensu da hannu a daidai inda gidajensu suke.

Mataki na huɗu: yini guda zuwa ƙarshen ƙasa

Wannan sai da mota, ta haya ko ta kamfanin yawon buɗe ido, kuma sai da sammako. Ka fita ta gefen Atlantika: Camps Bay da jerin duwatsun da ke bayanta, Hout Bay, sannan hanyar Chapman's Peak, kilomita 9 da lanƙwasa 114 da aka sassaƙa a jikin dutse tsakanin 1915 da 1922, dutse a hagunka, teku can ƙasa a damanka. Ana biyan kuɗin hanya, ana kuma rufe ta in yanayi ya ɓaci, ka duba kafin ka tashi.

Daga nan sai gandun Cape Point. Kuɗin shiga hawa-hawa ne: na 'yan ƙasa daban, na ƙasashen kudancin Afirka daban, mu kuma kuɗin sauran baƙi muke biya, ka tafi da katin banki. Akwai wuri biyu a ciki. Ɗaya shi ne tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa, da ake hawa da ƙafa ko da ɗan jirgi mai layin dogo. An gina ta da tsawo har hazo yana rufe ta, sai bayan wani jirgin Fotugal ya nutse a 1911 aka gina wata a ƙasa. Ɗayan shi ne Cape of Good Hope, inda ake layin hoto a gaban allo. Direba zai iya ce maka nan ne ƙarshen Afirka, nan tekuna biyu suka haɗu. Ba haka ba ne. Ƙarshen kudu yana Cape Agulhas, tafiyar awoyi zuwa gabas. Nan kusurwar kudu maso yamma ce, wadda Bartolomeu Dias ya kewaya a 1488.

Za ka ga jiminu a bakin teku, za ka kuma ga birai irin manyan nan, bika. Sun san jakar abinci, sun san hannun ƙofar mota. Ka kulle ƙofa ko kana ciki, ka ɗaga gilashi, kada ka fito da ko ayaba a hannu. In ɗaya ya kama jakarka ka sakar masa, haƙoransa ba na wasa ba ne. Ba su abinci laifi ne da ake cin tara a kai.

A dawowa ka bi ɗaya gefen. A Boulders, kusa da Simon's Town, akwai tsuntsayen fengwin na Afirka da suka fara zama a wurin a 1982. Ana kallonsu daga kan gadar katako, yawansu kuma yana raguwa ƙwarai a duniya. Ka tsaya Kalk Bay ka ci soyayyen kifi a bakin tashar masunta, ka wuce Muizenberg mai 'yan ɗakunan katako kala-kala. In kana son shiga ruwa, nan gefen ya fi dama-dama. Na Clifton da Camps Bay kyau ne da su a ido, amma ruwan ƙanƙara ne ko a tsakiyar zafi, saboda igiyar ruwan sanyi ta Benguela.

Abin da ya rage

Lambun Kirstenbosch, a bayan dutsen, an kafa shi a 1913 don tsirran ƙasar, kuma iska ba ta cika damunsa ba, don haka ya dace da rabin yinin da ya ɓaci. Akwai gadar da ke ratsa saman itatuwa. Masu aikin lafiya za su so gidan tarihin asibitin Groote Schuur, inda Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a duniya ranar 3 ga Disamba 1967. Mai son ziyara kuma ya je Macassar, a bayan gari, hubbaren Shehu Yusuf na Makassar ta Indonesiya, wanda aka kawo a 1694 ya rasu a 1699. In tafiyarka ta faɗo ƙarshen azumi, ka je Three Anchor Bay da yamma, jama'a suna taruwa a bakin teku su sha ruwa tare su jira ganin wata.

Maganar tsaro a taƙaice take. Garin da baƙo ke gani da garin da talakawa ke kwana ba ɗaya ba ne, za ka ga haka tun daga hanyar filin jirgi. In kana son zuwa Langa ko Khayelitsha, ka tafi da ɗan jagora mazaunin unguwar. Da dare ka kira mota ko da wurin kusa ne. Kada ka bar komai a kujerar mota, kada ka yarda wani ya taya ka a na'urar cire kuɗi, ko ya ce maka sai ka sayi izinin bin wani titi da katinka. Lambar gaggawa daga wayar hannu 112 ce. A gidan abinci ana ƙara wa mai kawo abinci kashi 10 cikin ɗari ko fiye, masu gadin mota a titi ma ana ba su 'yan canji.

Tsaraba kuma ka bar ta sai ranar ƙarshe. A dandalin Greenmarket 'yan kasuwa daga sassan Afirka daban-daban suke baje koli, ana ciniki, kada ka biya kuɗin farko da aka faɗa. Ganyen shayin rooibos ya fi araha a babban kanti fiye da shagon filin jirgi. In za ka sayi biltong, busasshen namansu, ka duba tambarin halal a jikin leda, domin ba kowanne ke da shi ba.